Tsohon Keken Tsere Na Ƙarfe: A Riƙe Shi, A Sabunta Shi, Ko A Sayi Wani?

Mutum ya fara hawan keke da gaske, don motsa jiki ko don cin dogon zango, kuma abin da ke hannunsa tsohon keken tsere ne na ƙarfe, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, wanda aka ƙera shekara talatin, arba'in ko hamsin da suka wuce. Ko dai gado ya ci, ko na hannu ya saya. Bai yi nisa ba sai ya fara haɗuwa da mahayan da ke ɗaga kekunansu da hannu ɗaya, suna sauya giya ba tare da sun saki kan keke ba, suna wuce shi a kan tudu yana haki. Daga nan tambaya ta taso: ya ci gaba da wannan keken yadda yake, ya zuba masa kayan zamani, ko ya jingine shi ya sayi sabo?

Duk wanda ya yi wannan tambaya zai ji amsa iri biyu. Akwai masu cewa da tsohuwar zuma ake magani: ƙarfe ba ya mutuwa, ya fi daɗin tafiya, kuma duk inda ya lalace ana gyara shi. Akwai kuma masu cewa wahalar da kai ne kawai, keken ya yi nauyi, zamaninsa ya wuce, duk abin da aka kashe masa asara ne. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma dukansu sun fi tsayawa a kan ƙarfen da aka yi firam, wato gangar jikin keken, da shi, alhali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dami sabon mahayi. Abin da ke sa mutum ya ajiye keke bayan 'yan makonni yawanci ɗayan uku ne: keken bai yi daidai da jikinsa ba, birki ba ya kamawa, ko giya ta fi ƙarfin ƙafarsa. A kan waɗannan ya kamata a yanke hukunci.

Wane keke ake nufi?

Galibi ana nufin kekunan da aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Alamominsu a fili suke. Bututun firam sirara ne, an zura bakin kowanne cikin wani ɗan maƙogwaron ƙarfe an liƙe da narkakkiyar tagulla. Libar giya tana jikin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda. Haƙoran baya jeri biyar ne, ko shida, ko bakwai. Masu shirya L'Eroica, taron hawan tsofaffin kekuna da aka fara a 1997 a garin Gaiole na yankin Tuskani a Italiya, sun ja layinsu a shekarar 1987, kuma layin ya faɗa daidai lokacin da fasahar keke ta juya. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da giya mai ƙas-ƙas, wadda kowane ƙas ke kai sarƙa kan haƙorin da ake so ba tare da laluɓe ba. A 1990 ya haɗe libar giya da hannun birki wuri ɗaya, Campagnolo na Italiya ya bi sahu a 1992. A cikin waɗannan shekarun ne kuma alminiyam, daga baya kabon, suka ture ƙarfe daga fagen tsere.

Sai dai kuskuren farko shi ne a ɗauka duk tsohon keken ƙarfe abu ɗaya ne. A farkon shekarun 1970 an yi rububin sayen keke a Amurka, har a 1973 kaɗai aka sayar da wajen miliyan 15. Masana'antun Faransa, Ingila, Japan da na Amurkar kanta suka yi ta zubo kekuna masu giya goma, masu siffar keken tsere, amma da bututu mai kauri na ƙarfen gama-gari. Schwinn Varsity, wanda ya cika titunan Amurka a lokacin, yana kusantar kilo 18. A gefe guda kuma akwai kekunan da aka yi da zaɓaɓɓen bututu. Tun 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar dabarar yin bututu mai kauri a baki biyu, inda ake haɗi, siriri a tsakiya, inda ba a buƙatar nama da yawa. A 1935 ya fito da Reynolds 531, wanda ya shafe shekaru da dama yana ƙarƙashin zakarun tsere. Columbus na Italiya da Tange da Ishiwata na Japan sun yi irinsa. Bututun Columbus SL, alal misali, kaurin bangonsa milimita 0.9 ne a baki, 0.6 a tsakiya. Keken da aka haɗa da irin wannan yakan tsaya tsakanin kilo 10 da 11.

Sunan kamfani ba ya raba gardama, domin kamfani ɗaya yakan yi duka biyun. Peugeot ta yi PX-10 na 'yan tsere, ta kuma yi UO-8 na kowa da kowa, kuma daga nesa sun yi kama. Abin dubawa shi ne 'yar takardar da ke manne a bututun sirdi, wadda ke faɗin irin ƙarfen. In ta goge, a auna kaurin sandar sirdi: milimita 27.2 alama ce ta bututu mai siririn bango, 25 da 'yan kai kuwa alamar mai kauri ce. A duba kunnuwan da wilin baya ke zama a ciki. A keke mai kyau masu kauri ne, an ƙera su da siffa, a mai araha kuwa fallen ƙarfe ne aka yanka. Sannan a kai maganaɗisu jikin rim, in ya manne to rim ɗin ƙarfe ne, kuma za mu dawo kan abin da hakan ke nufi.

Nauyi: maganar da ta fi yawa, tasirin da ya fi ƙanƙanta

Abin da ya fi tayar wa sabon mahayi hankali shi ne nauyi, saboda shi ne ake ji da hannu tun kafin a hau. Amma ƙafa ba keke kaɗai take turawa ba, har da mai keken. A ce mahayi kilo 75 ne. A kan tsohon keke mai kilo 11, jimla 86. A kan sabo mai kilo 9, jimla 84. Bambancin bai kai kashi uku cikin ɗari ba. A kan tudu mai tsayi, inda nauyi ya fi yin aiki, hawan da zai ci awa ɗaya zai ragu da abin da bai kai minti biyu ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa ko hakan ba za a samu ba, domin da zarar gudu ya ɗan yi ƙarfi iska ce babbar abokiyar gaba, kuma mafi yawan abin da iskar ke bugawa jikin mahayi ne. Ga shi kuma sabon keken alminiyam na masu farawa shi ma yakan kai kilo 10 ko ya ɗara, wato tazararsa da tsohon ƙarfe mai kyau ba ta taka kara ta karya ba. Kekuna masu kilo 7 da ake gani a gasar Tour de France, waɗanda dokar hukumar tseren keke ta duniya ta hana su sauka ƙasa da kilo 6.8 tun shekarar 2000, ba su ne sabon mahayi zai saya ba.

A kan firam ɗin ƙarfe Eddy Merckx na Beljiyam ya ci Tour de France sau biyar tsakanin 1969 da 1974, a kansa kuma ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972. Har yau maza 'yan tseren keirin na Japan, tseren keke da ake yi a kewayayyen fili, a kan ƙarfe suke gudu. Ba ana nufin tsohon keke ya kamo na zamani a gasa ba. Ana nufin iyakar gudunsa tana can nesa da inda ƙafar mai farawa ta kai.

Akwai maganganu biyu da ake yawan maimaitawa, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma dukansu suna buƙatar gyara. Masu kushe ƙarfe kan ce firam yana yin laushi in ya tsufa, ya riƙa shanye ƙarfin feda. Haka ba ta faruwa. Taurin ƙarfe wajen lanƙwasa ba ya raguwa da shekaru. Ko dai firam yana da lafiya, ko ya tsage, ko tsatsa ta ci shi. Abin da mutum ke ji a matsayin sanyin tsohon keke yawanci busasshen giris ne a cikin boris, da sarƙar da ta miƙe, da tayar da ta ƙeƙashe. Masu yabon ƙarfe kuma kan ce shi ke shanye gargadar hanya. Siririn fok na ƙarfe, wato ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba, yana ɗan lanƙwasa, gaskiya ne, amma firam ɗin kansa kusurwa uku-uku ne, da ƙyar yake motsi sama da ƙasa. Taya ce ke shanye gargada. Faɗinta da yawan iskar da ke cikinta sun fi irin ƙarfen tasiri nesa ba kusa ba. A nan tsofaffin kekuna da yawa, musamman na shekarun 1970, suna da sa'a, domin an bar musu sararin da taya mai faɗin milimita 28 ko 32 za ta shiga. 'Yan tsere da kansu, da suka daɗe a kan milimita 23, yanzu sun koma 28 zuwa sama.

Inda tsohon keke ke wahalar da mai farawa da gaske

Na farko giya. Kekunan wancan zamani an tsara su ne a kan ƙafar ɗan tsere. Farantan gaba yawanci haƙora 52 da 42 ne, babban haƙorin baya kuma 24, a wasu ma 21, a masu sauƙi 28. Keken zamani na masu farawa yakan zo da 50 da 34 a gaba, da 32 ko 34 a baya. Ga abin da lambobin ke nufi a ƙafa. Kewayen taya wajen mita 2.1 ne. Da 42 a gaba da 24 a baya, zagaye ɗaya na feda yana tura keke mita 3.7. Da 34 da 32, mita 2.2 ne. Wato a kan tudu ɗaya, da gudu ɗaya, mai tsohon keke yana danna feda da ƙarfin da ya ninka na abokinsa sau ɗaya da rabi da ɗoriya. In suna hawa da gudun kilomita 8 a awa, ƙafar mai sabon keke tana zagaye 60 a minti, ta mai tsohon tana 36, kowane dannawa kamar na ƙarshe. Wannan ne ke cin gwiwa, shi ne kuma ke sa mutum ya sauka ya tura, ya koma gida yana ganin laifin nauyin keke ne ko raunin jikinsa. A ganina babu abin da ya kori masu farawa daga tsofaffin kekuna kamar wannan, kuma abin takaicin shi ne yana cikin matsalolin da suka fi sauƙin magani.

Na biyu birki, kuma a nan maganar rai ake yi. Rim ɗin ƙarfe mai sheƙi yana kama birki daidai gwargwado in hanya a bushe take. Da ruwa ya taɓa shi, robar birki sai ta riƙa zamewa, keke ya ci gaba da tafiya hannu na matse. Rim ɗin alminiyam ya fi shi kamawa ƙwarai a cikin ruwa. Robar birkin kanta tana taurara da shekaru ko da ba a yi amfani da ita ba, wayar birki kuma tana tsatsa a cikin rigarta. Wasu kekunan masu araha suna da ƙarin hannun birki a kwance ƙarƙashin saman kan keke. Yana da daɗin kamawa, amma ba ya jan waya sosai, bai kamata a dogara da shi a gangare ba. Duk wanda ke da rim ɗin ƙarfe kuma zai yi tafiya cikin ruwan sama ko cikin motoci, kada ya jinkirta wannan gyara.

Na uku wurin da libar giya take. Kafin ka sauya giya sai ka saki hannu ɗaya ka kai shi ƙasa, in kuma giyar ba mai ƙas-ƙas ba ce sai ka laluɓa da kunne har sarƙa ta daina ƙara. Ana koyon wannan cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya koya yakan san kekensa fiye da wanda bai taɓa yi ba. Amma gaskiya ne cewa mai farawa yakan ƙi sauya giya saboda tsoron sakin hannu, ya zauna a giya mai nauyi har tudu ya ci ƙarfinsa. A cikin ayarin mahaya masu gudu kusa da juna, sakin hannun yana da haɗari na gaske. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu cewa a sayi sabo suke da ita, ta fi maganar nauyi sau da yawa.

Abu biyu da kuɗi ba sa gyarawa

Kafin a sayi ko da robar birki, a duba girman keke. Bututun sama na tsofaffin kekuna a miƙe yake, ba ya gangarowa baya kamar na zamani. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami sararin yatsa biyu ko fiye tsakaninka da bututun. A kan sirdi, idan feda ta kai ƙasa, gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa kaɗan. Hannu ya kai birki ba tare da ka miƙe kamar mai rarrafe ba. Sandar sirdi da wuyan kan keke suna hawa suna sauka, amma kowanne yana da layin da aka zana wanda ba a fito da shi ya wuce. In sai an wuce layin nan keken zai yi maka daidai, to ba naka ba ne, komai kyansa. Keken gado ya fi faɗawa cikin wannan matsala, tunda an saye shi ne a kan tsawon wani.

Sai lafiyar firam. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututu biyun da suka haɗu da wuyan keke. In ka ji ƙullutu ko ka ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Dubi fok daga gefe: saman ƙafafunsa ya bi layi ɗaya da wuyan keke, in ya ja baya to ya lanƙwashe. Ɗaura zare daga kunnen baya na dama, ka zagayo da shi ta wuyan keke zuwa kunnen hagu, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In sun bambanta sosai, firam ya karkace. Tsatsar da ke saman fenti ba abin tsoro ba ce, ana kankare ta. Wadda ake tsoro ita ce ta ciki, musamman a ƙasan firam wajen feda inda ruwa ke kwanciya, da wadda ta yi rami har ƙusa ke nutsewa. A gwada zare sandar sirdi. Sandar alminiyam da ta shekara da shekaru cikin bututun ƙarfe babu giris takan manne har ta zama kamar an yi mata walda, kuma fitar da ita aiki ne babba. A ƙarshe a duba kan keke da wuyansa da hannun feda, in na alminiyam ne, ko akwai siririn tsagu kusa da inda noti ke matsewa. Alminiyam yana tara gajiya, kuma yakan karye ba tare da gargaɗi mai yawa ba.

Ƙarfe yana da wata falala a nan: yakan lanƙwasa ko ya tsage a hankali kafin ya rabu, kuma maƙerin firam yana iya cire bututu ɗaya ya sa wani. Amma irin wannan aiki sai keke mai daraja ƙwarai yake biya.

Me ya sa sabuntawa gaba ɗaya ke zama rami?

Tunanin da ke zuwa wa mutane da yawa shi ne a bar firam, a sa masa giyar zamani mai liba a hannun birki. Ana yi, kuma in an gama yana da kyau. Matsalar ita ce kowane abu da ka taɓa yana jawo wani.

Libar zamani yawanci an yi ta ne don jerin haƙora takwas zuwa sama. A tsohon wili, haƙoran baya dunƙule ɗaya ne da ake murɗawa a jikin cibiyar wili, kuma irin wannan yawanci a bakwai yake tsayawa. Don haka sai sabon wilin baya. Sabon wili faɗin cibiyarsa milimita 130 ne, tsohon firam kuwa 126 ne in mai shida ko bakwai ne, 120 in mai biyar ne. Daga 126 zuwa 130 ana iya buɗawa da hannu a tura wili. Daga 120 kuwa sai an buɗe firam ɗin da ƙarfi an daidaita kunnuwansa, abin da ƙarfe ke jurewa amma alminiyam da kabon ba sa jurewa (wasu bututun ƙarfe masu tauri irin Reynolds 753 ma ba a yi musu haka). Sannan girman wilin: kekuna da yawa na Ingila da Amurka da Japan sun zo da wili mai inci 27, wanda faɗin da'irar rim ɗinsa milimita 630 ne, na zamani kuma 700C ne, milimita 622. Robar birki za ta sauko da milimita 4. In tsohon birkin ba shi da sauran wuri, sai sabon birki mai dogon hannu. Bayan haka sabuwar sarƙa, sabuwar na'urar ɗaga sarƙa gaba da baya, sababbin wayoyi, watakila da farantan gaba.

In keken na Faransa ne, akwai ƙarin ciwon kai. Tiredin gidan boris na feda a tsarin Ingila, wanda ya zama na kowa, inci 1.37 ne. Na tsohon tsarin Faransa milimita 35 ne, na Italiya 36. Wuyan kan keken Faransa milimita 22.0 ne maimakon 22.2, tiredin fedarsa ma daban. Kekunan Raleigh da yawa da aka ƙera a Nottingham suna da nasu tiredin na gida. Ana samun kayan da suka dace da waɗannan, amma sai an nema, kuma wanda bai sani ba yakan murɗa abin da bai dace ba ya cinye tiredi.

In aka tara duk wannan, da ladan mai gyara, sau da yawa kuɗin yakan kamo ko ya wuce na cikakken keke na hannu wanda aka ƙera da waɗannan kayan tun asali. Dalilin a fili yake: masana'anta tana sayen kayan da yawa a farashin sari, kai kuma ɗaya-ɗaya kake saya. Ga wanda yake son firam ɗin don tarihinsa, ya kuma san me yake nema, kwalliya na iya biyan kuɗin sabulu. Ga mai farawa, wanda bai ma tabbatar wane irin hawa zai zauna a kai ba, ban ga hikimarsa ba.

Gyaran da ya cancanci a yi

Tsakanin barin keke yadda yake da sauya masa komai akwai hanya ta uku, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu farawa, muddin keken ya yi daidai da jiki kuma firam lafiya lau. A sa sababbin tayoyi, mafi faɗin da firam zai ɗauka, da tiyub da kyallen da ke rufe kawunan wayoyin wili. Har yanzu ana yin taya mai inci 27, don haka ba dole ne a sauya wili saboda taya ba. A sa sabuwar robar birki da sababbin wayoyi da rigunansu. A buɗe cibiyoyin wili da wuyan keke da gidan feda a wanke a sa giris. Boris ɗin tsofaffin kekuna a warwatse suke, ana sauya su da sifana da haƙuri. A auna sarƙa: gaɓoɓi 12 cikakku inci 12 ne cif, in sun ɗara da abin da ido ke gani a sauya ta. Sirdi in yana ciwo a nemi wani, feda kuma mai faɗi marar ɗauri ta fi wa mai koyo.

Sai maganar giya, inda tsohuwar liba marar ƙas-ƙas ke nuna amfaninta: ba ruwanta da sunan kamfani ko yawan haƙora, kusan kowace na'urar ɗaga sarƙa tana aiki da ita. Har yanzu ana ƙera dunƙulen haƙoran baya na murɗawa mai kaiwa 28, har 34. In aka haɗa shi da na'ura mai dogon hannu da sabuwar sarƙa, tudun da ke sa a sauka ya zama abin hawa. In ana son ƙari, a rage farantin gaba, sai dai a san cewa tsohon hannun feda na tsarin Campagnolo ba ya karɓar faranti da ya gaza haƙora 41 ko 42, wanda faɗin da'irar notocin farantinsa milimita 130 ne kuma yana tsayawa a 38. Ƙasa da haka sai an sauya hannun fedar. Wanda sakin hannu ke ba shi tsoro yana iya mayar da libar zuwa ƙarshen kan keke, inda ake turawa da tafin hannu ba a saki ba.

Wilin alminiyam shi ne kaɗai babban sayayya da zan ce a yi ba tare da dogon tunani ba, in rim ɗin ƙarfe ne kuma firam ɗin ya cancanta. In keken ma na gama-gari ne mai kilo 15, a yi ƙaramin gyaran, a guji ruwan sama, a tara kuɗin don keke na gaba.

Wa ya kamata ya sayi wani keken?

Wanda keken bai yi wa daidai ba, da wanda firam ɗinsa ya yi karo ko tsatsa ta huda shi, ba su da abin jira. Haka wanda ke zaune inda gangare ke da tsawo kuma ruwa ke yawan sauka, domin birki mai faifai, wanda hukumar tsere ta amince da shi a gasar titi tun 2018, ya fi kowane birkin rim tabbas a jiƙe, kuma ba a ɗora shi a tsohon firam sai da aikin maƙeri. Haka wanda ya riga ya san gasa zai shiga ko ayarin masu gudu. Akwai kuma wanda ba ya son taɓa sifana kuma ba shi da mai gyara da ya san tsofaffin kaya. Wannan ba aibi ba ne, kuma tsohon keke zai riƙa ajiye shi a gida ranar da yake son fita.

Sauran kuwa, wata shida ko shekara a kan tsohon keken da aka gyara za ta koya musu abin da babu mai sayarwa da zai faɗa musu: ko doguwar tafiya suke so ko gudu, ko kwalta ko turɓaya, ko kan keken ya yi musu ƙasa, ko wace giya suka fi zama a kai. Mai wannan sanin in ya tashi saye ba zai sayi girman da bai dace ba, wanda shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin masu farawa.

Ko an riƙe keken ko za a sayar, duk abin da aka cire daga jikinsa a adana shi, har da noti. Kada a yanke 'yan kunnuwan da ke jikin firam, kada kuma a yi gaggawar sake fenti in keken mai suna ne, domin masu neman irin waɗannan kekuna sun fi daraja fentin asali da takardar bututunsa, ko da sun koɗe, a kan sabon fenti mai sheƙi.